Ni ke da aidiya, shi zai yi aikin: kaso nawa ya dace in samu?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kafa kasuwanci da wani, ko suka san yadda abin yake tafiya. Akwai wata dabarar kasuwanci da ta daɗe tana yawo a kaina, na zauna na rubuta ta tsaf, yadda za a fara, su waye kwastomomi, ta ina kuɗi zai shigo, har sunan da za a sa wa kamfanin na zaɓa. Matsalar ita ce abin sai da manhajar waya, ni kuma ban iya haɗa manhaja ba ko kaɗan, to sai na nemi wani abokina da ya ƙware a wannan harka na ce mu haɗa gwiwa, ni na kawo aidiya shi ya gina, mu raba kamfanin biyu, rabi nawa rabi nashi.

Wallahi dariya ya yi mun. Wai shi zai kwashe watanni yana kwana gaban kwamfuta ba albashi, ni kuma me zan riƙa yi a lokacin? Ya ce in dai aidiyar ce kaɗai gudummawata to kashi 5 cikin 100 ma ya yi mun adalci, wai irin waɗannan dabarun kullum sai an kawo mishi. Abin ya ɗan sosa mun rai gaskiya, saboda in ba dan na yi tunanin ba ai ba abin da zai gina, ko ba haka ba? Kuma yanzu wani tsoron ya shige ni tunda na riga na gaya mishi komai, kar ya je ya yi abinsa shi kaɗai ya bar ni da baki buɗe.

Tambayata biyu ce. Shin dabara ita kaɗai ba ta da wata daraja ne a kasuwanci, ko raina mun hankali yake so ya yi? Sannan ya mutum zai kare tunaninsa kar a sace? Ku yi haƙuri ba zan faɗi ainihin dabarar a nan ba, kun san dalili.

Ɗan_Gwagwarmaya:

Wa alaikumus salam. Ƙanina zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba, abokinka bai raina ka ba, kuma in ya ba ka kashi 5 ɗin a kan magana kawai ba tare da ka ɗaga ko tsinke ba to mutumin kirki ne, ka riƙe shi da kyau.

Ka duba manyan kamfanonin da kowa ke misali da su, kusan babu wanda shi ne ya fara kawo tunanin abin da yake yi. An kafa Google a 1998, lokacin kuwa akwai Yahoo da Lycos tun 1994, akwai AltaVista tun 1995, duk mutane suna binciken intanet da su. Facebook ya fito a 2004, kafin shi akwai SixDegrees tun 1997, ga Friendster, ga MySpace da ya fito a 2003. Aidiyar ɗaya ce sak, ka buɗe shafi da sunanka da hotonka ka tara abokai. To me ya kashe Friendster? Jama'a suka yi mishi yawa, na'urorinsu suka kasa ɗauka, ka danna shafi ka zauna kana jira kamar ba zai buɗe ba, mutane suka gaji suka watse. Shi kuwa Facebook a jami'ar Harvard kaɗai ya fara, daga nan ya riƙa buɗe wa jami'o'i ɗaya bayan ɗaya daidai ƙarfin da yake da shi, sai a 2006 ya buɗe wa kowa da kowa. MySpace kuma kamfanin News Corp ya saye shi dala miliyan 580 a 2005, zuwa 2011 aka sayar da shi a kan kusan miliyan 35. Tunani ɗaya, hannu daban.

Kuma wannan ɓoye-ɓoyen da kake yi, ka yi haƙuri, yawanci wahalar da kai ne. Duk abin da ya faɗo maka a rai to ka ɗauka ya faɗo wa wasu da yawa, saboda matsalar da ka gani ba kai kaɗai ke da ido ba. Rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1876, takardun Alexander Graham Bell da na Elisha Gray suka isa ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka a kan maganar wayar tarho. Rana ɗaya fa. In har abu kamar tarho zai faɗo wa mutum biyu lokaci guda, ina ga manhajar waya a wannan zamanin da kowa ke riƙe da waya a hannu.

Akwai ma waɗanda sana'arsu kenan, kwaikwayo a fili ba kunya. Wasu 'yan'uwa uku Jamusawa, su Samwer, sun ga eBay, shafin saye da sayarwa ta intanet, na tashe a Amurka, suka kafa irinsa a Jamus a 1999 suka sa mishi suna Alando, cikin 'yan watanni eBay da kansa ya zo ya saye shi dala miliyan 43. Ba su ƙirƙiro komai ba, abin da suka iya shine saurin ɗaukar ma'aikata da jawo masu saye da masu sayarwa kafin mai abin ya iso. Kaga eBay bai biya kuɗin aidiya ba tunda aidiyar tashi ce ma, kasuwar da suka riga suka tara ya biya.

To kai yanzu tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ba "kaso nawa aidiyata ta kai" ba ce, tambayar ita ce wadda abokinka ya yi maka ka ji haushi, a watannin da zai yi yana gini, kai me za ka riƙa yi? In kana da amsa mai nauyi, rabi ma za ka iya nema da ƙarfin gwiwa. In babu, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ɗan_Kallo:

Hhhh ni ma ina da aidiyar jirgin sama mai amfani da ruwan sama, wa zai gina mun mu raba biyu? 😂 Wasa nake Malam kar ka ji haushi, amma dai in ka ƙi faɗin abin ya za a yi a ba ka shawarar da ta dace, kowa sai lalube zai yi ta yi a duhu.

Uwar_Lissafi:

Ni kam ban yarda da Ɗan_Gwagwarmaya gaba ɗaya ba, duk da na yarda da rabin maganarsa. Wannan zancen na "aidiya banza ce, aiki shine komai" an maimaita shi har ya zama kamar karatun allo, kuma yana halaka mutane ta ɗaya ɓangaren, sai ka ga mutum ya zuba shekarunsa da kuɗin jama'a yana aiki tuƙuru a kan abin da tun farko ba wanda yake so.

Ku tuna Quibi. Jeffrey Katzenberg, wanda ya riƙe sashen finafinan Disney kuma yana cikin waɗanda suka kafa DreamWorks, da Meg Whitman wadda ta shugabanci eBay da HP, su suka jagorance shi. Suka tara dala biliyan 1.75 kafin ma a buɗe, suka ɗauko manyan taurari da daraktoci, manhajar kanta ta yi kyau, ka juya waya a tsaye ko a kwance hoton ya bi ka. Dabarar ita ce mutane su biya kuɗin wata-wata dan kallon gajerun shirye-shirye na minti 10 ko ƙasa da haka a waya. Aka buɗe a Afrilun 2020, zuwa Oktoba na wannan shekarar aka sanar da rufewa. Eh an ce korona ta taka rawa tunda kowa na gida gaban talabijin, amma a daidai lokacin TikTok da YouTube cika suke da jama'a suna kallon gajerun bidiyo kyauta a wayar dai. Wa zai ce waɗannan mutanen ba su iya aiki ba? Tushen ne ya ruɓe.

Ga Juicero ma, injin matse lemo mai haɗe da intanet da aka zuba wa sama da dala miliyan 100, injiniyoyi suka ƙera shi da kyau kamar me, sai a 2017 'yan jaridar Bloomberg suka nuna cewa in ka matse jakar kayan da hannunka ma ruwan zai fito, ba sai da injin dala 400 ba. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya rufe.

Sannan misalin Google ɗin da ka kawo yana da wata fuskar. Eh ba su suka fara bincike a intanet ba, amma Larry Page da Sergey Brin sun zo da wani tunani na musamman, cewa a auna darajar shafi da yawan shafukan da suke nuno shi da kuma darajar su waɗannan shafukan, abin da suka kira PageRank. Wannan ai aidiya ce, kuma ita ce ta sa sakamakonsu ya fi na kowa. Bambancin shine ba irin aidiyar da ke faɗo wa mutum yana kwance ba ce, ta fito ne daga mutanen da suka nutse cikin matsalar suna karatun digiri na uku a Stanford.

Akwai kuma maganar lokaci da ba a cika ambata ba. Webvan ya so kai wa mutane cefane har gida ta intanet, ya gina manyan rumbuna, ya karye a 2001. Instacart ya zo a 2012 da kusan wannan manufar, amma lokacin kowa na da waya mai intanet, kuma su ba su gina rumbu ba, shagunan da suke nan suka yi amfani da su. Uber ma da an kafa shi kafin wayoyi su samu GPS da kantin manhajoji, wanda na iPhone ya buɗe a 2008, da ba inda za shi.

Dan haka ɗan'uwa mai tambaya, abin da zan so in ji shine daga ina dabararka ta fito. In ka yi shekaru ne a cikin wata harka ka ga wata ɓaraka da na waje ba zai taɓa gani ba, kuma ka san mutanen da za su biya, wannan ilimin dukiya ne kuma ba kashi 5 ba ne kuɗinsa. In kuwa irin "Uber amma na kaza" ce da ta faɗo maka kawai, to abokinka ya yi gaskiya.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, musamman Hajiya, kin ɗan sanyaya mun zuciya bayan Yallaɓai ya gama wanke ni tas 😅 To tunda kun ce ɓoyewa ba ta da amfani bari in faɗa a taƙaice. Ina aiki ne a wani kamfanin jigilar kaya, ni ke tsara fitar manyan motoci da dawowarsu. Abin da nake gani kullum shine mota ta tafi cike da kaya ta sauke, ta dawo fayau ba komai a bayanta, an ƙona mai an biya direba taya ta ci hanya duk a banza, alhali a garin da ta sauke ɗin akwai wani yana can yana neman motar da za ta kawo mishi kaya ta wannan hanyar bai samu ba ko kuma dillalai sun tsawwala mishi. Manhajar za ta haɗa su ne, direba ya sa cewa gobe zan dawo ba kaya daga wuri kaza zuwa wuri kaza, mai kaya ya gani ya yi ciniki da rahusa, mu kuma mu cire ɗan kamasho. Direbobi da masu motoci na san su da yawa, lambobinsu na wayata.

Amma har yanzu maganar sata tana damuna. Ba haka aka yi a Facebook ba, wasu tagwaye suka ce nasu ne aka sace har aka biya su maƙudan kuɗi? Kenan dai aidiya tana da kuɗi tunda har ta kai ga kotu. Akwai wata takarda da zan sa abokin nawa ya sa wa hannu?

Ɗalibin_Shari'a:

Malam, dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa dan haka in abin ya kankama ka samu lauya ya duba muku takardunku, amma akwai ƙa'idojin da kusan ko'ina iri ɗaya ne.

Doka ba ta kare tunani tsurarsa. Haƙƙin mallaka yana kare yadda ka zubo abu ne, wato rubutun manhajar da zanenta da kalamanka, ba manufar da ke bayansu ba, shi ya sa Instagram ya fito da Stories a 2016 kowa ya ga daga Snapchat aka ɗauko kuma duniya ta ci gaba da tafiya. Rajistar ƙirƙira kuma ana ba da ita ne ga sabuwar hanyar fasaha da ka bayyana dalla-dalla yadda take aiki, wadda ba a taɓa yi ba kuma ba abin da kowane masani zai iya hasashe ba ce, tana ɗaukar shekara 20 daga ranar da ka shigar, kuma sharaɗinta shine a wallafa bayanin kowa ya karanta, yawanci bayan wata 18. "A haɗa direba da mai kaya ta waya" ba zai samu wannan ba. Sunan kamfani da tambarinsa su kam kana iya yi musu rajista.

Maganar tagwayen, Cameron da Tyler Winklevoss ne da abokinsu Divya Narendra. Ƙararsu ba wai "mun yi tunani ya ji ya ɗauka" ba ce kawai, sun ce sun riga sun fara gina nasu shafin, suka ɗauko Mark Zuckerberg ya ƙarasa musu, ya amsa, ya riƙa ja musu rai yana gina nashi a gefe, kuma akwai saƙonnin imel a tsakaninsu. An sasanta a 2008 a kan dala miliyan 65, wani kuɗi hannu wani hannun jari. Kuɗi ne mai yawa, amma ka auna shi da abin da kamfanin ya zama a hannun wanda ya gina. Ga kuma Robert Kearns, wanda ya ƙirƙiro abin share gilashin mota mai tsayawa yana ci gaba, shi har rajista yana da ita da na'urar da ke aiki, ya kai ƙarar Ford a 1978, sai a 1990 ya samu kimanin dala miliyan 10. Shekara 12 a kotu ga mai takarda a hannu kenan fa.

Yarjejeniyar riƙe sirri kana iya rubutawa, tana da amfani in akwai abin sirri na gaske kamar jerin kwastomomi ko farashin da kuka yi da wani, amma abin da ka riga ka faɗa kafin a sa hannu da wuya ta rufe shi sai in an rubuta hakan ƙarara, kuma yawancin masu zuba jari ba sa sa hannu a irinta tun a zaman farko dan suna jin dabaru masu kama da juna kullum.

Takardar da ta fi muku amfani ita ce ta tsakaninku ku biyu. A rubuta wa zai yi me, kaso nawa, sannan duk abin da aka gina mallakin kamfani ne ba na wanda ya rubuta ba, wannan na ƙarshen kar ka yi wasa da shi domin in ba a rubuta ba a wurare da yawa manhajar ta wanda ya rubuta ta ce. Sannan kar kowa ya karɓi kasonsa gaba ɗaya ranar farko. Tsarin da aka saba a kamfanonin fasaha shine kason ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara 4, wanda ya fice kafin shekara ta farko ta cika ba shi da komai, in ta cika ya samu rubu'in kasonsa, sauran kuma wata-wata. Wannan ya kare ka in shi ya gudu, ya kare shi in kai ka kwanta.

Wani abu kuma, tunda ka ce kana aiki a kamfanin jigila, ka koma ka karanta kwantiraginka da kyau. Wasu suna da sharaɗin hana yin sana'ar da za ta yi gogayya da su, kuma bayanan kwastomomin da ka samu ta dalilin aikinsu ana iya cewa nasu ne. Inaga wannan ya fi zama haɗari gare ka a yanzu fiye da abokinka.

Mai_Kwamfuta:

To ni ina ɓangaren abokin naka ne domin sana'armu ɗaya, kuma irin wannan tayin ba ya ƙarewa, kowa ya zo da murya ƙasa-ƙasa wai kar wani ya ji. Amma da na karanta bayaninka na biyu sai na ga kai ba irinsu ba ne, kana cikin harkar, sai dai kana tallata abin da bai fi komai daraja ba a hannunka ka bar mai darajar a aljihu. Lambobin direbobin nan da sanin wa ke cika alƙawari wa ke kashe waya, shine jarinka.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce, ka sani tun yanzu. Convoy a Seattle an kafa shi a 2015 a kan rage tafiyar mota ba kaya, Jeff Bezos da Bill Gates na cikin waɗanda suka zuba kuɗi, a 2022 aka yi mishi ƙimar dala biliyan 3.8, a Oktoban 2023 ya rufe lokacin da kasuwar jigila ta faɗi kuma masu jari suka riƙe hannu. Uber ma ya buɗe Uber Freight a 2017. Ban faɗa dan in karya maka gwiwa ba, kasancewar manya sun shiga yana nuna matsalar ta gaske ce, faɗuwar Convoy kuma tana nuna wahalar ba a manhaja take ba.

Bari in nuna maka inda take. Direba ya sa cewa gobe da safe zai dawo ba kaya, mai kaya ya yi ciniki ya tara 'yan lodi suna jira, sai ga shi inda direban ya je saukewa an riƙe shi a layi har dare, ko wani ya tare shi a hanya da farashin da ya fi naka ya kashe waya. Wa mai kaya zai kira yana zagi? Kai. Kaya sun lalace ko sun ɓace a hanya, wa zai biya, akwai inshora? Mai kaya yana so ya biya bayan wata guda, direba yana son kuɗin mai yanzu-yanzu kafin ya tayar da mota, wa zai cike wannan ramin da kuɗinsa? Mafi muni, ka haɗa su sau ɗaya sun karɓi lambar juna, karo na biyu me zai sa su biyo ta kanka su ba ka kamasho? Sannan ranar farko direba ya buɗe manhaja ba kaya ko ɗaya ya goge ta, mai kaya ya buɗe ba mota ko ɗaya shi ma ya goge. Duk cikin waɗannan babu wanda ni zan iya warwarewa da kwamfuta.

Shawarata kar ku rubuta ko layi ɗaya tukuna. Wanda ya fara Zappos, Nick Swinmurn, a 1999 shagunan takalma ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet, in wani ya saya sai ya koma shagon ya siya da kuɗinsa ya aika, dan kawai ya gani ko mutane za su yarda su sayi takalmi ba su gwada ba, kamfanin da Amazon ya zo ya saya a 2009. Masu Airbnb ma, shafin da mutane ke ba baƙi hayar ɗakunansu, da abin ya ƙi tafiya New York suka je suna bi gida-gida suna ɗaukar hotunan ɗakunan da kansu. Kai ma ka zaɓi hanya ɗaya tak tsakanin gari biyu, ka buɗe guruf a WhatsApp, ka riƙe littafi, ka haɗa lodi da bakinka da wayarka, ka karɓi kamasho ko kaɗan ne. In ka yi wata biyu ko uku ka koma wa abokinka da littafin nan, ga lodin da na haɗa, ga waɗanda suka dawo karo na biyu, ga inda aikin ya fi ƙarfin hannuna shi ya sa nake son manhaja, wallahi maganar kashi 5 ba za ta sake fitowa daga bakinsa ba. Ni da kaina in aka zo mun da haka zan yarda da rabi, wataƙila ma ƙasa da rabi.

Uwar_Lissafi:

Mai_Kwamfuta ya kawo abin da ya fi damuna, wato su tsallake ka bayan haɗuwar farko. In ba ka da amsar wannan to ba ka da kasuwanci, kana da aikin taimako ne. Ka yi tunanin abin da za ka riƙe wanda ba za su samu a wajen juna ba, misali kai ke riƙe kuɗin har kaya su isa, ko kai ke ba direba na mai a gaba, ko kai ke tsaya wa kaya in wani abu ya faru. Kowanne a ciki yana cin jari, dan haka a littafin naka ka ware shafi na kuɗin da ke fita kafin na mai kaya ya shigo, da kwana nawa yake ɗauka kafin ya dawo.

Ɗan_Gwagwarmaya:

Hajiya na karɓi gyara a kan Quibi, amma har yanzu ina nan a kan bakana, da sun fara da ƙaramin gwaji kafin su ƙona biliyan ai da sun gane da wuri, wannan ma cikin iya aiki yake. Kai kuma ƙanina kar ka bar aikinka tukuna, kuma ka fara duba kwantiragin nan da Ɗalibin_Shari'a ya ce kafin ka kira direba ko ɗaya. Wace hanyar ce ka ga motoci sun fi dawowa ba kaya a kanta, kuma masu kayan da ke ɗaya ƙarshen ka san wasu a cikinsu ko direbobin kaɗai ka sani?